Ƙarfe Kusa da Ƙwauri

Lyuben ya haura sittin kafin ya fara sauka ɗakin ɗaga ƙarfe da ke ƙarƙashin benensu, kuma ba neman faɗin ƙirji ya kai shi ba. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da matarsa Radka, shi ke ɗaga ta daga gado zuwa kujera. 'Yarsu kuwa ta faɗa masa ƙiri-ƙiri: ranar da bayansa ya gaza, gidan tsofaffi za a kai uwarta.

Sai ga ƙugu ya fara ciwo. Ya shafa rakiya, giyar da tsofaffin garin ke maganin komai da ita, ya ɗaura ɗamarar ulu, ya ja bakinsa ya yi gum. Taurin kai kamar na jaki, amma tsoro ne fal cikinsa.

Nevena, mai horar da masu ɗaga ƙarfen, ta lura yana dafa bango in zai sa takalmi.

"Kawu Lyuben, ɗaga daga ƙasa in gani."

Ya sunkuya, ya kama sandar ƙarfen, ya miƙe da ƙyar.

"Ƙarfen yana cizo ne? Ai ka bar shi can nesa, baya ya yi doro kamar na kyanwa. Matso har ya taɓa ƙwaurinka. Ƙirji sama, ka tura ƙasa da ƙafa."

"Zai goge mini fata."

"Ya goge mana. Duk abin da ka ɗauka nesa da jiki, ƙugu ke shan wahalarsa."

Ta rage masa nauyin, ta ce in ciwon ya gangara ƙafa, likita zai gani, ba ita ba.

Yana hawa bene maganar na cin sa. Ai haka yake ɗaga Radka, hannu a miƙe, fuska a gefe, don ba ya iya kallon bakinta da ya karkace. Kunya ta rufe shi.

Ya tarar ta farka. Ya matsa har gwiwarsa ta taɓa gadon, ya rungume ta ƙirji da ƙirji, ya miƙe. Ƙugu bai ce uffan ba.

"Tsoho," ta ce a hankali, harshenta na sarƙewa, "warin rakiya kake yi."

"Tun lokacin kaka nake shafa ta."

"Ina zan sani? Yau ka matso."

Kujerar na nan a bayansa, amma bai yi saurin ajiye ta ba.