Hoton da Aka Cire Auta

Mai hoto ya yi suna a layinsu wajen gyaran fuska. Kai masa hotonka da ƙuraje, ya mayar da kai sumul; in tsohuwar budurwa ce ta maƙale a gefenka, ya share ta tas, ya dasa tukunyar fure a gurbinta. Har tsokanarsa ake yi, wai shi ke ƙarasa aikin da ungozoma ta bari.

Bayan rasuwar ƙaninsa Auta, da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Umma ta kira shi ɗakinta. Ta ce abu ɗaya take so, hoton Auta, babba, na ratayewa. Na yarinta tana da su. Na ranar da ƙanwarsu ta gama jami'a take nufi, ranar da ya sa fararen kayan da ta ɗinka masa.

Ya ce to, ya tashi ya fita.

Auta yaro ne mai hannu, ba rediyon da ke gagararsa, kafin ƙwaya da maganin tari su cinye shi a tsaye. Ya rame, leɓe ya yi baƙi, ido kullum a lumshe. Amma ranar nan ya yi wanka, ya taje kai, ya zo garau ya tsaya bayan kujerar Umma. Da mai hoto ya buɗe hoton a kwamfuta sai ya ga fuskar nan, ya tuna a falo za a rataye, inda baƙi da surukai ke zama. Ya share ƙaninsa, ya ja labulen baya ya rufe wurin. Shi kuwa a aikinsa ba ya ajiye hoto da aibu, kan na asalin yake ɗora gyara. Da aka rataye, Auta ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "Yaya, aikinka yana kyau."

Yanzu mai hoto ya birkice shagon. Ya tone kwamfuta, ya kunna tsofaffin wayoyi, ya tambayi ƙanwarsu da 'yan uwa. Babu. Ashe duk taron da aka yi a gidan, in an zo ɗaukar hoto, ko a aiki Auta sayen ƙanƙara, ko shi mai hoton ya miƙa masa fitila ya ce haska mana. Kunya ta rufe shi, har ya kasa haɗa ido da masu shigowa ɗaukar fasfo.

Da dabara ta ƙare sai ya koma ga abin da ya iya. Ya ɗauko fuskar Auta ta ƙarshen sakandare, ya ƙara mata gemu, ya ɗora a kan wani hotonsa na fararen kaya. Aiki ya yi kyau, wallahi ko maƙiyi ya gani sai ya yaba. Ya sa a gilashi ya kai wa Umma, yana sunkuyar da kai.

Ta sa tabarau ta duba, ba ta daɗe ba ta kife shi a kan katifa.

"Ni na haife ku. Wannan wuyanka ne."

Ya buɗe baki zai yi bayani, ta ɗaga masa hannu. Ta ce ya je falo ya sauko mata da hoton nan da ke rataye. Ya kawo, ya durƙusa a gabanta. Ta goge ƙurar gilashin da bakin mayafinta, ta ɗora yatsa a kan kafaɗarta ta hagu a cikin hoton. Mai hoto ya matso. A kan kafaɗar akwai 'yan yatsu sirara, masu baƙin farce, sun dafa ta, ba hannu, ba mai hannun. Shi da ba ya barin ko ƙurji, ya bar su.

"Tun ranar da ka rataye shi na gani," in ji ta. "Ban yi magana ba, don kar ka dawo ka share. Ni ma ai ban ce ka mayar da shi ba."

Ta tura masa hoton kan cinyarsa.

"Nan wurin za ka wanke min. Babba. Kuma kar ka gyara farcen."