Busasshiyar Rigar Lauwali

Lauwali mutumin Gwiwa ne, kuma Allah ya yi shi mai gumi. Ko a inuwa yake zaune sai ka ga riga ta manne masa a baya. Taubashinsa Yakubu, wanda suke iyakar gona, ya mai da abin nan abin tsokana.

"Ai kai ba ruwanka da jiran damina," in ji Yakubu. "Tsaya kan ramin kawai, geron zai tsiro."

Shekara da shekaru yana haɗiye wannan. To, a bazarar bana da aka fara binne, wato zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, sai Lauwali ya yanke wa kansa shawara. Ruwan da yake sha ne ke fita. In bai sha ba, me zai fita? Ya bar gorarsa rataye a zaure, ya saɓa sungumi ya tafi.

Da hantsi gumi ya zo kamar kullum. Ƙishi ya biyo baya, ya yi biris da shi, ya ci gaba da sara. Jiki na ta kira, mai jiki ya toshe kunne. Can wajen azahar gumin ya ɗauke.

Ya shigo gida yana tangaɗi, yana murmushi.

"Dela, taɓa rigar nan ki ji. Ƙamas. A kira min Yakubu ya gani."

Matar tasa ba rigar ta taɓa ba, wuyansa ta taɓa. Zafi kamar kaskon suya, fatar kuma a bushe.

"Malam, ina gorarka?"

"Tana wurin Inna," ya ce. Inna kuwa ta daɗe da rasuwa.

Dela ba ta ƙara tambaya ba. Ta kwantar da shi gindin darbejiya, ta tuɓe masa rigar, ta yi ta kwarara masa ruwan randa tana yi masa fifita da faifai. Ta leƙa ta katanga ta ƙwala wa Yakubu kira, ya zo da babur, suka sa shi a tsakiya sai asibiti.

Aka sa masa ƙarin ruwa. Da la'asar Dela ta ga ɗigon gumi ya taru a goshinsa. Ta sa bakin mayafi za ta share, sai ta fasa.

Da ya dawo hayyacinsa ta ce, "Malam, ka taɓa ganin randata a bushe ta waje? Tsattsafowar nan da take yi ce ke sanyaya ruwan. Kai ka fi randa wayo ne?"



Da ya warke ya koma gona, gora a kafaɗa. Kafin hantsi riga ta jiƙe sharkaf. Yakubu ya tsallako iyaka, ya dube shi sama da ƙasa, ya buɗe baki. Lauwali ya dogara da sungumi yana jira.

Sai Yakubu ya ɗauko gorar ya miƙa masa.

"Sha," ya ce. "In ka mutu wa zan tsokana?"