Zakaran Ɗori

Dunoma ya riga ya sa ƙafa ɗaya a cikin motar kiya-kiya mai zuwa Nguru sa'ad da aka riƙo gefen rigarsa ta baya. Bai juya ba ya san ko wane ne. Mutum ɗaya ne a duk Gashuwa yake jan rigarsa haka kamar mai jan akuya: Yuguda, abokinsa tun suna kamun kifi tsirara a bakin kogi, wanda yanzu ya zama shugaban jam'iyya na unguwarsu, har da sabuwar hula da ɗan tumbi.

Yuguda ya ja shi bayan rumfar mai shayi, ya tambaye shi ina za shi da jakar ɗori a kafaɗa, alhali ya sani sarai. Dunoma maɗori ne, gado ya yi. Ranar Asabar da ta wuce, ranar zaɓen farko na daminar 1983, aka kawo masa wani malamin firamare mai suna Aondona, ɗan ƙabilar Tibi, hannunsa na dama yana reto. An ɗauke shi aikin rumfar zaɓe ne, ya hana wasu samari dangwala yatsa sau biyu, su kuwa suka tare shi a hanya da gora. Kowa a unguwa ya san Kalli, babban ɗan Yuguda, shi ya yi dukan, kuma kowa ya yi kamar bai sani ba. Dunoma ya ɗora hannun. Washegari matar malamin ta kwashe shi da yara suka gudu Nguru, gidan wani ɗan'uwansu ma'aikacin jirgin ƙasa.

To, ɗori yana da ƙa'idarsa. Bayan kwana biyar sai an kwance an duba, in ƙashi ya goce a mayar da shi, a sake ɗaurewa. Kuma wanda ya ɗaura shi yake kwancewa, babu maɗorin kirki da zai taɓa ɗorin wani. In Dunoma bai je ba, hannun da malamin yake riƙe alli da shi sai ya haɗe a karkace.

Yuguda ya ce duk ya san wannan, amma jibi zaɓen gwamna ne, kuma an fara raɗe-raɗin wai Dunoma ya koma ɗaya jam'iyyar. Wai zuwansa Nguru tamkar ba da shaida ne a kan Kalli. Ya yi lallashi, ya yi barkwanci, har ya tuno masa cewa shi ne ya yi masa babban aboki ranar aurensa. Da ya ga bai ci nasara ba sai ya sassauta murya.

"In ka shiga motar nan, Dunoma, kada ka fito da akushinka yau."

Maganar ta soki Dunoma. Shekara talatin da wani abu su biyar suke ciyayya a ƙofar gidansa bayan magariba, kowa ya fito da tuwon gidansa a haɗa a ci. Ba shi da ɗa namiji, 'ya'yansa mata kuwa suna gidajen aurensu a Yusufari da Machina. In aka naɗe tabarmar nan, daga shi sai matarsa Gumsu da rediyo.

"Katin jam'iyyarku yana aljihuna," ya ce. "Jibi ku zan dangwala wa. Amma hannun nan ni na ɗaure shi."

Ya shiga mota.

A hanya babu wanda ya ce masa kanzil, ko da yake akwai mutum biyu 'yan unguwarsu a ciki. Ɗaya ya rufe fuska da hula wai barci yake. Dunoma ya zuba wa gonaki ido: gero ya tsaya iya gwiwa yana jiran ruwan da ya ƙi zuwa, kowace bishiyar bakin hanya kuwa an manna mata hoton ɗan takara. Ya yi tunanin daminar bara, lokacin da karayar da ake kawo masa ba ta wuce ta faɗowa daga jaki ko harbin saniya ba. Bana kuwa duk iri ɗaya ce, a tsakiyar dantse, inda mutum yake ɗaga hannu ya kare kansa. Haushi ya ishe shi, ya yi tsaki shi kaɗai.

A Nguru, a bayan tashar jirgi, matar malamin, Nguveren, ta daɗe tana leƙensa ta taga kafin ta zare sakata. Aondona ya rame, gemu ya fito masa. Dunoma ya zaunar da shi a ƙasa, ya warware zaren, ya cire karan da ya jera, ya bi ƙashin da yatsunsa ido a rufe. Kamar ya sani, ya ɗan goce. Ya sa malamin ya ciji tawul, ya ja, ya danna, abin ya koma mazauninsa. Ya shafa man shanu ya sake ɗaurewa.

Da gumi ya tsane wa Aondona sai ya faɗa masa ranar Litinin za su bi jirgi su koma gida, shekara goma sha ɗaya a Gashuwa ta ƙare ke nan. Dunoma bai ce masa ya zauna ba, don bai san da wane baki zai faɗa ba. Ya kira matar, ya nuna mata inda ƙullin yake, ya ce ta ƙirga kwana ashirin da ɗaya ta kwance da kanta, ya yarje mata.

"Baba," in ji Aondona, "ba za su yi fushi da kai ba?"

"Sun riga sun yi, Malam. Motsa yatsun nan in gani."

Yatsun suka motsa, duka biyar.

La'asar sakaliya ya sauka a Gashuwa, ya tarar ƙofar gidansa cike da mutane. Ashe da rana motar ɗaya jam'iyyar ta yi kiciɓis da samarin Kalli a kan gada, an gwabza. Ga Kalli nan kwance a zaure, ƙato mai 'ya'ya biyu yana kuka kamar jariri, ƙwaurinsa ya karye gida biyu. Yuguda yana tsaye a kansa, hular nan tasa a hannu. Samari kuwa sun cika zauren da gorori suna ta maganar fetur da gidan wanda za a fara ƙonawa.

Dunoma ya ajiye jakarsa, ya ce ba zai taɓa ƙafar ba sai an fitar da gora ta ƙarshe daga zaurensa, kuma duk mai maganar fetur ya bi gorarsa waje. Aka yi gunaguni, aka dubi Yuguda. Yuguda ya ɗaga kai kawai, suka fita.

Aikin ya ɗauke shi har kiran magariba. Yuguda ne ya danne kafaɗun ɗansa, kansa yana kusan gugar kan Dunoma, kamar dai yadda suka saba. Nan fa wani daɗi ya fara tsarga wa Dunoma, har ya ji kunyar kansa: ga yaro yana ihu, shi kuwa yana murna zai samu abokin cin tuwo. Aka ɗauki Kalli a kan ƙyaure aka tafi da shi.

Bayan salla ya shimfiɗa tabarma, ya fito da akushinsa, tuwon gero da miyar kuka da busasshen kifi. Ya zauna bai buɗe ba. Can tsallaken hanya, a ƙofar gidan Hammadu, ɗaya daga cikin abokan ciyayyarsa, ya hango an yi wata shimfiɗar, su ukun sun sa kwanuka a gaba. Babu wanda ya dubo wajensa.

Sai ga Yuguda yana tahowa. Dunoma ya gyara zama, ya matsa gefe ya bar masa wurinsa na jikin bango. Sai da ya iso kusa ya ga ba akushi ne a hannunsa ba. Zakara ne ja, ƙafafu a ɗaure.

A gidansu Dunoma, baƙo ne yake biyan ɗori da zakara. Na gida ba ya biya. Sau huɗu yana yi wa iyalin Yuguda ɗori, har da uwar Yuguda kanta, ko gashin kaza bai taɓa shiga tsakaninsu ba.

Yuguda ya sunkuya ya ajiye zakaran a bakin tabarma, bai taka ta ba.

"Ga na ɗori. Mun gode, Malam Dunoma."

Ya juya ya tsallaka hanya, aka matsa masa ya zauna.

Dunoma ya daɗe yana kallon zakaran yana haki a ƙasa. Daga baya ya kira Gumsu, ya ce ta kwance wa zakaran ƙafa ta ba shi ruwa, ta kuma tuna masa ranar Talata akwai kwancen ɗorin Kalli. Sannan ya jawo akushin, ya buɗe, ya yi bismilla.