Bamalli da Abin Riƙe Totur

Shekara goma sha ɗaya ke nan Bamalli yana ɗaukar burodi a kan babur daga wani gidan burodi a Kwamba. Yakan fita da sassafe ta Gauraka, ya hau titin Kaduna yana sauke wa masu shayi, ya zaga ta Dikko, ya dawo gida ta Maje kafin azahar. Akwatin katakon da ke bayansa ya fi shi tsawo. In ya wuce ka sai ka rantse wani ɗaki ne ya gaji da zama wuri ɗaya ya kama hanya.

A Gauraka, can ɗaya ɓangaren titin, akwai wata bishiyar mangwaro da ta haɗiye rabin wani tsohon allon talla, ta bar haruffa biyu a waje. A gindinta Kawu Datti yake zama kullum da safe, kusa da gidansa. Wan mahaifiyar Bamalli ne, shi ya riƙe shi tun rasuwar ubansa, shi ya yi masa aure. Tsakanin inda Bamalli yake wucewa da inda tsohon yake zama akwai titi biyu da katangar siminti a tsakiya, ba wurin juyawa sai an yi nisa. Don haka gaisuwarsu ta safe a guje ake yin ta. Bamalli ya danna hon sau biyu ya ɗaga hannu, Kawu ya ɗaga nasa, shi ke nan rana ta fara.

Sai wata Talata Kawu bai ɗaga ba. Laraba ma haka. Ran Alhamis Bamalli ya ga da idonsa tsohon ya juyar da kai yana kallon gindin mangwaro. Ranar Juma'a ya je gidan takanas, Fatsuma 'yar Kawu ta tare shi a zaure ta ce, "Yaya, Baba yana hutawa." Wata Juma'ar ma yana hutawa. Mutumin da bai taɓa barcin rana ba.

Bamalli ya duba kansa sama da ƙasa bai ga laifin da ya yi ba. Abinci ya daina shiga. Matarsa Azumi tana tankaɗe a tsakar gida ta ɗago ta ce, "Malam, wai da wane hannu kake gaishe shi?"

Ya miƙa hannuwansa biyu gaba kamar yana riƙe da kan babur, ya murɗa na dama, ya ɗaga ɗayan. Ya tsaya yana kallonsa.

"Hagu."

"Hagu! Kawun naka?"

"To damar tana kan totur. Kuma ai shekara goma sha ɗaya da hagun nake yi."

"To haƙurin ne ya ƙare," in ji Azumi, ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari ya gwada. Yana isa daidai mangwaron ya saki totur ya ɗaga dama. Babur ya yi sanyi nan take kamar an zuba masa ruwa, akwatin ya dungure shi a ƙeya, wata tirela a bayansa ta saki ƙarar da ta kusa fitar masa da rai. Hannun ko kafaɗa bai kai ba ya mayar da shi.

Da yamma ya je wurin Barnabas, bakaniken da yake gyara masa babur.

"Tsaya in gane, Oga Bamalli. So kake mashin ya riƙa tafiya ba ka riƙe shi ba?"

"Na ɗan lokacin da mutum zai ce ina kwana."

"In dai wannan ne, bari in yanko maka robar tsohuwar taya in naɗa a wurin."

Bamalli ya ce a'a. Bai iya faɗin dalili ba, amma a ransa ya ji bai dace a gai da Kawu da tsohuwar taya ba. Barnabas ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya tura shi shagon Madam Toyin, wadda take sayar wa 'yan Abuja masu manyan babura kayan gyara.

Ashe akwai abin a duniya. Wani can ya zauna ya yi tunanin damuwar Bamalli tun kafin ta same shi. Madam Toyin ta zube masa iri uku a kan tebur. Ɗaya kamar harshen saniya na roba, wai a ɗora tafin hannu a kai. Ɗaya kamar abin maƙale shanya, ya kama totur ya jingina da hannun birki. Na ukun zobe ne na baƙin ƙarfe da ɗan maɓalli a gefe da ƙaramin noti a ƙasa.

"Wanne ne ya fi?" in ji Bamalli.

"Wane irin tafiya kake yi, Baba? Kaduna? Lokoja?"

"Gauraka."

Ta kalle shi. "Gauraka na nan?"

"Gaisuwa zan yi."

Sai ta shiga bayani da Hausarta mai gudu. Harshen saniyar ba ya riƙewa, hutar da hannu kawai yake yi. Mai kama da abin shanyar yana zamewa in hanya da gargada. Zoben kuwa yana riƙewa sosai, ka murɗa totur inda kake so, ka danna maɓallin da babban yatsa. Amma ba na cikin gari ba ne, na doguwar hanya ne inda ba kowa. A gangara babur zai ƙara gudu, a hawa zai rage, abin bai san komai ba, ƙarfe ne kawai.

Bamalli yana gyaɗa kai, amma hankalinsa ya tafi wurin harshen saniyar, yana tunanin ko wanda ya ƙera shi ya taɓa kiwo. Ya dawo daidai lokacin da take cewa, "Wannan notin, kar ka ɗaure shi da yawa. Ka bar shi sako-sako, yadda in ka murɗa baya da hannu zai dawo. Ka ji, Baba?"

Ya ce ya ji. Ya ɗauki zoben, don shi ne mai nauyi.

To amma Bamalli mutumin hanyar Maje ne. Wannan hanyar ta cinye masa madubi biyu da lamba ɗaya da abin ɗora ƙafa, duk saboda noti sako-sako. A saninsa, notin da ba a ɗaure ba kyauta ce aka bai wa titi. Da ya ɗaura zoben a ƙofar gida ya taɓa notin ya ji yana motsi, sai zuciyarsa ta ƙi. Ya ce ƙila Madam tana nufin titin Abuja mai santsi. Ya ɗauko sifana ya ƙara masa juyi ɗaya. Ya tafi ya yi alwala, ya dawo ya ƙara biyu.

Da safe ya sa hularsa ta zuwa Juma'a. Ya shiga Gauraka, ya wuce masu soya ƙosai, ya hau babban titi. Ga mangwaro can, ga farar rigar Kawu a gindinta. Ya murɗa totur, ya danna maɓallin, ya ji ƙas. A hankali ya buɗe yatsunsa.

Babur bai yi sanyi ba. Yana ta tafiya abinsa.

Wani daɗi ya kama Bamalli, irin na mafarkin da mutum yake tashi sama. Ya danna hon sau biyu, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga shi har saman hula, yana jinjina. Iska ta shiga hannun rigarsa. Bai ma ga ko Kawu ya amsa ba, don wata motar itace ta shiga tsakaninsu daidai lokacin.

Daga nan titin ya fara gangara.

Ya mayar da hannu ya danna maɓallin. Ya ƙi. Ya murɗa baya, kamar yana murɗa reshen bishiya. Ya matse kuloci, injin ya kurma wani ihun da ya sa awaki watsewa a gefen hanya, ya tsorata ya saki, babur ya zabura. Ya taka birki, babur yana so ya tsaya kuma yana so ya tafi, shi ma haka. Ya tuna makulli. Amma hagu ta koma kan kuloci, dama tana kokawa da totur, hannu na uku kuwa babu. Mai shayin farko da yake sauke wa burodi ya fito yana ɗaga masa hannu, Bamalli ya wuce shi yana salati da ƙarfi, mai shayin ya amsa masa da "Lafiya lau!"

Sai wajen mahaɗar da motoci suke juyawa Allah ya ba shi dabarar sakin totur ɗin gaba ɗaya, tunda ba ya bukatarsa, ya kai dama ya kashe makulli. Shiru ya sauko. Babur ya gangara ya tsaya a cikin ciyawa. Bamalli ya sauka ya shafa kansa. Hular Juma'a ta tafi.

Sifana tana gida. Tayar da injin kuma da totur a buɗe, ko da wasa. Bakaniken da ya fi kusa yana Gauraka. Haka ya tura babur da burodinsa ya tsallaka ta mahaɗar, ya kamo ɗaya ɓangaren titin, yana tafe yana haki, har inuwar mangwaro ta faɗo masa a ka.

Kawu Datti yana nan a kan tabarmarsa. Ya ga Bamalli, ya waiga ƙofar gida, ya ga ta yi masa nisa.

"Kai ne ka wuce ɗazu kana ihu kamar an kama ɗan akuya?"

Bamalli ya kafe babur, ya cire takalmi, ya durƙusa. "Kawu, ina kwana. Kawu, in na yi laifi a yafe mini." Ya miƙa hannu biyu.

Tsohon ya daɗe yana kallon hannuwan. Sannan ya fito da hagunsa ya kama su. Damar tana kwance a kan cinyarsa cikin hannun riga, yatsun a lanƙwashe.

"Ta daina jin magana," in ji Kawu. "Na tashi da safe, ita ba ta tashi ba. Na hana Fatsuma faɗa."

"Sati biyu, Kawu?"

"To me zan ɗaga maka? Ni da girmana in amsa gaisuwar ɗana da hagu, a bakin titi, masu ƙosai suna kallo?"

Bamalli ya kalli zoben baƙin ƙarfen, ya kalli hannunsa.

"Kawu, ai ni shekara goma sha ɗaya da hagu nake gaishe ka."

"Da hagu?"

"Damar tana kan totur."

Kawu ya girgiza kai. "Ka ji mini ɗan banza," ya ce a hankali. "Ni idona ba ya kaiwa can. Hon ɗinka nake ji in ɗaga." Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa ta gefe ɗaya na baki, har da tari. Fatsuma ta leƙo daga zaure da sauri, ta gan su, ta tsaya riƙe da labule.

"Yau za mu asibiti, Kawu."

"Ba dai a kan wannan abin ba."

"A mota."

"Sai ka fara kai wa mutane burodinsu, sun sha shayi lami saboda kai." Bai saki hannun Bamalli ba tukuna. Riƙon hagun ba ƙarfi sosai, amma da ɗumi. "Gobe kuma in ka zo wucewa ka danna hon ɗin. Zan ɗaga wadda ta samu."

"Ni kuma da wacce zan ɗaga, Kawu?"

"Kai dai riƙe babur ɗinka da duka biyun," in ji Kawu Datti.