Ajiyar Mairama

"Wato ba ki yafe mini ba, Inna?" in ji Kamal. Yana durƙushe gaban angare, gadon igiyar da Mairama ke kwance, da kakinsa na ɗan sanda.

Mairama ta ja numfashi da ƙyar. Tun ranar da manoma sunka tare hanyar garin Hajj Abdalla kan ruwan da anka hana gonaki, bumban guda da 'yan sanda sunka harba ya tsallako katanga ya faɗa gindin murhunta, ƙirjinta bai koma daidai ba. Wai hayaƙi mai sa hawaye. Ita kam ya yi mata ƙari.

"Ba ni na harba ba, Inna. Ina Madani ranar."

"Na sani. Na ɗan wata ne ya faɗo mini. Naka, gidan wa yake faɗawa?"

Ruqaya maƙwabciya, da ke yi mata fifita, ta ga lokaci ya yi da za ta duba rufin ɗaki.

Washegari lajna, wato kwamitin gari, za ta zauna, a kan ko za a hana harba abin nan cikin lungunan gidaje. Maza sun sha gardama. Sodangi mai kanti ya ce in an hana, masu fasa shago da mi za a kore su, da tsintsiya?

"Ka tafi ka gaya musu kuna harbawa ba ku ganin inda zai sauka," in ji Mairama. "Da kayan nan na jikinka. Sannan in yafe maka nonon da ka sha."

"Za su kore ni, Inna."

"Gonar ubanka na nan. Ba ta kori kowa ba tukuna."

Da safe ya tafi. Kafin azahar Mairama ta kama hannun Ruqaya. "Ba ni kai dawowarshi. Riƙe mini yafiyar nan. In ya faɗa, ki ba shi."

"In bai faɗa ba fa?"

"Ki ja mai rai kaɗan." Ta yi tari. "Sannan ki ba shi."

Da la'asar Kamal ya dawo, Mairama ta cika, an riga an yi mata wanka. Ruqaya ta tare ƙofa.

"Ka faɗa?"

Kamal ya fashe da kuka. Sodangi ne ya amsa daga baya, yana ɓata fuska. "Ya faɗa, Hajja. Gaban babban 'yan sanda, har da sunan lungu. Ni ban yarda da shi ba, amma wallahi ya faɗa. Sun ɗage zaman."

"Su ɗage. Ba su nake tambaya ba."

Ta sa shi ya duƙa, don ya yi mata tsawo. Ta ɗora hannu bisa kanshi.

"Uwarka ta bar maka ajiya. Ta yafe, duniya da lahira."

Kamal ya kwance manyan takalman aikinsa, ya jera su bakin ƙofa. Ya shiga ƙafa ba takalmi, ya sa kafaɗa ƙarƙashin angaren da anka ɗora gawarta, maza sunka matsa mai wuri.