Jirgin da Malam Halidu Ya Gani da Hannu

Yasin na zaune a rumfarsa ta gyaran moto, wato babur, a bakin titin gudoro, cikin garin Madawa, yana liƙin taya, sai Bashiru direban motar Yamai ya tsaya ya miƙo masa wani kwali ta taga.

"Saƙon ƙanwarka na," in ji Bashiru. "Ta ce kar in bari kowa shi zamna bisa, ga shi na cika alkawali."

Ƙanwar ita ce Adawiyya. Tun tana ƙarama take zama gefen Yasin tana miƙa masa kayan aiki irin su kile da turnabis, har ta iya kwance inji tun kafin ta gama makarantar lakkwal. Yanzu soja ce a Yamai, makanise a rundunar sojan sama, tana gyaran injinan wani ƙaton jirgin dakon kaya.

A bayan kwalin an zana jirgi mai ƙaton ciki da inji huɗu. Yasin ya goge hannu a wando ya buɗe da sauri, amma bai ga jirgi ba. Ƴan gutsattsarin roba ne masu launin toka, manne a jikin wasu sanduna kamar ƙashin kifi, ga wata takarda mai zane-zane da rubutun da bai san ko yaren ina ne ba. Nan take ya kira ta a talho.

"Ke, mi na na wanga kinka aiko min?"

Adawiyya ta yi dariya. "Irin jirginmu na sak, Yaya. Wani abokin aikina yaz zo da shi daga waje, ya kasa haɗawa. Na ce mai ina da wanda za shi iya. Ka gama kahin in zo hutu bayan girbi."

Ranar Yasin ya rufe rumfa tun kafin la'asar. Ya shimfiɗa wani tsohon zanen matarsa Fatiha a tsakar gida, ya baje kayan, ya yi ta juya su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kujerun matuƙa da ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Akwai tayoyi kamar maɓallin riga. Fatiha ta leƙo daga madafa ta tarar da shi yana murmushi shi kaɗai.

Aikin ya ci shi. Da reza yake yanke kowane gutsure daga sandarsa, ya gurje bakin da takardar da yake gurza roba kafin liƙi. Kol ɗin liƙi da ya zo cikin kwalin ya riga ya bushe, sai ya sayo mai ƙarfi a kasuwa, yana ɗiga shi da tsinin allura. Da ya haɗa ɓarin cikin jirgin biyu, sai ya ɗaure su da zaren robar taya, ya danne fukafukai da maƙalan shanyar Fatiha, wadda ta wayi gari ta ga tufafinta a ƙasa. Da ya tsayar da jirgin a kan tayoyinsa, sai jirgin ya kife ta baya ya zauna a kan wutsiya. Yasin ya tashi ya ɗauko ƴan ƙwallayen ƙarfe daga tsohuwar tayar moto, ya cusa su cikin hancin. Jirgin ya miƙe ya tsaya daidai, shi kuwa ya zaga tsakar gidan yana tafa hannu.

Gilashin gaba ya kusa sa shi kuka, don tururin kol ya mayar da shi fari fat. Fatiha ce ta karɓa ta goge shi da man goge haƙora da bakin ɗankwali har ya washe. Ita ce kuma ta zana tambarin tutar Nijar a fukafukai, don tamburan da suka zo a kwalin na wata ƙasa ce. Hannunta ya saba da zanen lalle, ba ya rawa. Da tsinken tsintsiya ta zagaya kore, ta zagaya fari, ta ɗiga launin ruwan lemo a tsakiya. Yasin ya shafe sauran jikin da fenti mai toka-toka, shafa bayan shafa, har ya yi sumul yana ƙyalli. Ƴan kabu-kabu masu haya da moto suka riƙa biyo shi gida don su gani.

Ana cikin haka mahaifinsu, Malam Halidu, ya zo daga Babankatami cin kasuwar Madawa tare da maƙwabcinsa, ya sauka a gidan. Manomi ne, idanunsa sun rufe shekarun baya, tun kafin Adawiyya ta shiga soja. Bai taɓa ganinta cikin kaki ba. Amma hannunsa ya san komai: da ya shafa zangarniya zai gaya maka gonar da ta fito.

Yasin ya ɗora masa jirgin a cinya cikin zumuɗi. "Baba, ga irin jirgin Adawiyya."

Tsohon ya gyara zama. Ya bi shi da yatsu daga hanci zuwa wutsiya, ya dawo, ya sake bi.

"To, wanga ai santsi gare shi kamar bayan ƙwarya," in ji shi. "Ina ƙohwa? Ta ina mutane ka shiga? Ita kuma ina ta ka tsayawa in tana aikinta?"

Yasin ya kama yatsan mahaifinsa ya kai inda aka zana ƙofa, ya kai kan tambarin tuta. Yatsan bai ji komai ba. Duk fenti ne.

"Ba komi," in ji Malam Halidu, ya miƙa masa abinsa. "Allah shi yi albarka. Ga dukkan alamu yana da kyau."

Bayan sun raka shi tasha, Yasin ya dawo ya zauna gaban jirgin. Fatiha ta zaci ransa ne ya ɓaci, ta zo za ta ba shi baki, sai ta ga idonsa na walƙiya.

"Kawo min allurarki babba," ya ce. "Da reza sabuwa. Za mu sake shi."

"Duk wanga fentin?"

"Fentin namu na. Yanzu za mu yi na Baba."

Ya roƙi Adawiyya ta kwatanta masa jikin jirgin a talho, ba tare da ya gaya mata dalili ba. Sai ya bi duk inda faranti ya haɗu da faranti ya tsaga layi da tsinin allura, mai zurfin da farce zai faɗa. Ya jera ɗigon kol ƙanana a gefen layukan, suka bushe suka zama kawunan ƙusa. Ya ɗumama reza a garwashi ya yanke ƙofar baya, a hankali don in hannu ya kauce shi ke nan, sannan ya yi mata maratayi da siririyar waya daga igiyar birki, tana sauka tana hawa. Ya ciro farfela huɗun ya soke kowace a kan allura, har da an hura sai su juya. Ya yanke murfin inji ɗaya, ya cusa masa ƴan wayoyi a ciki. Tambarin tuta kuwa, Fatiha ta bi zagayensa da zare ta manne, kowane launi da iyakarsa.

Da aka gama girbi, Adawiyya ta sauka a Madawa da jakarta ta soja. Ta ga jirgin, ta durƙusa a gabansa, ta buɗe ƙofar baya ta rufe, ta sake buɗewa. Da Yasin ya gaya mata dalili, sai ta tashi ta shiga neman tsummokaran da za a naɗe shi. Washegari suka ɗauki hanyar Babankatami a moto, tana baya rungume da kwalin, duk ramin da suka faɗa sai ta ce, "Yaya, sannu-sannu dai."

Suka tarar da Malam Halidu a inuwar rumbu tare da dattawan unguwa. Bayan an gaisa, ya shafa hular Adawiyya da kafaɗunta ya sa mata albarka, sai ta ɗora masa jirgin a cinya.

Yatsansa ya faɗa cikin layi na farko ya tsaya cak. Ya bi shi a hankali, ya ji kawunan ƙusa, ya ci gaba har ya kai ƙofar baya, ta faɗo a tafin hannunsa. Ya fashe da dariya.

"Ga ƙohwa. Arzika, matso ka gani, ga ta nan." Arzika shi ne maƙwabcin nasa. "Ke kuma ina wurinki?"

Adawiyya ta kai yatsansa cikin injin da aka buɗe. "Nan, Baba. Tsani ni ka hawa in kai nan."

"Tsani?" Ya ɗaga kai. "To wai girman abin ya kai mi?"

"Tayar ga da kaj ji kamar maɓalli, ta gaske ta kai min ƙirji."

Malam Halidu ya girgiza kai, ya ce shi bai yarda ba sai ya auna. Adawiyya ta dubi gonar da aka girbe a bayan gidan, ta miƙe. Ta tsayar da Yasin a gindin wata aduwa ta ce shi ne bakin fiffike ɗaya. Ta yi ta taku har sai da ta yi nisa, ta tsayar da Arzika a can, ɗaya bakin ke nan. Dattawa huɗu ta jera a matsayin injina. Inna Kulu, mahaifiyarsu, ta fito da muciya a hannu tana tambayar abin da ake yi, aka ce ta tsaya can gaba ita ce hanci. Kafin a ankara mutanen unguwa sun cika gonar, kowa na neman a ba shi wuri.

Adawiyya ta riƙe gwiwar hannun mahaifinta suka tashi daga wurin Yasin. Jirgin na rungume a ƙirjinsa, yatsansa na tafiya a kan fiffiken roba, ƙafarsa na tafiya cikin karan gero. Suka yi ta tafiya.

"Har yanzu muna bisa fiffike?"

"Ko inji na hwarko ba mu kai ba, Baba."

Da suka iso wurin dattijo na farko, mutumin ya ɗaga hannuwa yana juya su yana ƙugi da baki, sauran ukun suka ɗauka, gona ta kaure da dariya. Malam Halidu ya ratsa ƙarƙashin cikin jirgin har da sunkuyar da kai. Da ya taɓa kafaɗar Arzika a ɗaya ƙarshen, ya tsaya yana maida numfashi, fuskarsa a washe.

"Wanga abu duka shi ka tashi sama," ya ce. "Kuma in ɗiyata ba ta ce ya gyaru ba, ba shi tashi."

"Haka na, Baba."

"To a maishe ni hwarko. Ina son in sake bi."

Sau uku aka bi da shi kafin kiran magariba.

Jirgin bai koma Madawa ba. Malam Halidu ya sa an yi masa kwando mai murfi, kullum da hantsi yana fita da shi majalisa, duk baƙon da ya zo sai an zaunar da shi an yi masa bayani. Ba ya yarda kowa ya kalla kawai, sai mutum ya rufe ido ya shafa. Saboda haka farfela ba sa daɗewa. Duk ranar kasuwa sai Arzika ya iso rumfar Yasin da wata karyayya a ƙulle a bakin rawani, tare da saƙon cewa a gyara da wuri, akwai baƙi daga Buza da ke tafe ranar Juma'a.