Giyar Solène a Bakin Murhu

A ƙauyenmu mutum ɗaya ne ke zaɓen giyar da za a sha ranar bikin Saint-Vincent, waliyyin manoman inabi, wato tsoho Thévenot. Bana Solène, 'yar ƙanena Firmin, ta fitar da jar giyarta ta farko, ta gayyato shi ya ɗanɗana. Ta riga ta faɗa mini cewa idan ya ƙi ta, za ta bar wa ubanta gonar inabin ta koma aikin ofis a birnin Dijon.

Na iso da hantsi na tarar Firmin ya jera kwalaben a bakin murhu kamar 'yan kyanwa masu jin ɗari.

"Jar giya sai ta ɗauki ɗumin ɗaki, Yaya," in ji shi. "Haka Baba yake yi."

"Ɗakin Baba da kwat muke cin abinci a ciki. Kai ga ka nan da singileti a watan Janairu."

Shekara talatin da takwas na yi ina koyar da kimiyya, don haka ba a rasa ma'aunin zafi a jakata. Na ɗora shi a teburi, ya nuna digiri ashirin da shida. Ɗakin Babanmu bai taɓa wuce sha biyar ba.

"Ki bar bokonki a makaranta," ya ce. "Zazzaɓi giyar take yi da za ki auna ta?"

Da ya fita ɗebo itace, na zare kwalba ɗaya na ajiye ta waje a bakin taga.

Thévenot ya zo da ɗan littafin da yake rubuta giyar biki a ciki. Firmin ya zuba masa ta bakin murhu. Tsohon ya juya kofin, ya cusa hanci, ya kurɓa, sai ya yi tari.

"Tana da ƙarfi, 'yata," ya ce wa Solène. "Tana ƙona maƙogwaro. Ƙuruciya ce. Wataƙila nan da shekara biyar."

Solène ta sunkuyar da kai. Na tashi na ɗauko kwalbar taga na zuba masa.

Ya daɗe da ita a baki, ido a rufe.

"To, ga giya. Wannan inabin kan tudu ne, ina jin farin dutse a ciki. Waccan kuwa ta kwari ce, ƙasar ta yi nauyi."

"Ni ma kullum haka nake gaya mata," in ji Firmin.

"Ganga ɗaya ce," na ce. "Waccan ƙanena ya dafa ta, wannan ta sha iska."

Thévenot ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da nake yi wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

"Malama, ke da allo, ni da harshe. Harshen nan bai taɓa haɗa tudu da kwari ba."

Na buɗe baki zan kawo masa lissafi, Solène ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin teburi.

"Gwaggo, ƙara cuku mana."

Na ƙara, na cika bakina da shi. Thévenot ya rubuta sunanta a littafinsa, kwalba ɗari biyu, ta kan tudu kaɗai. Ta kwarin kuma ya ce a kai wa mutanen Paris, ba za su gane ba.